Dutsen da Muke Kiran Yaya

Duk shekara, da an karya masara, auduga ta fara fashewa a gonaki, Inna takan yafa mayafinta ta ce mini, "Ke, sa takalminki." Ba ta faɗin inda za mu, ni ma ba na tambaya. Kowa a gidanmu ya san inda za mu, har akuyar da ke ɗaure a bakin ƙofa. Gaban dutse za mu, in kira mata ɗanta da ya tafi bai dawo ba.

Ƙauyenmu yana can ciki, tsakanin Funtua da Malumfashi, inda in ka sauka a bakin titi sai ka nemi mai babur. Yamma da gari akwai duwatsu a jere, sun jingina da juna, da kuka da ɗorawa a gindinsu. Amma akwai guda ɗaya da ya ware. Yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fadama, dogo, ƙasansa da faɗi, samansa siriri, ya ɗan sunkuya ta wajen kudu. Ba a hawansa don babu wurin sa ƙafa. Rema ce kawai ke zama a tsagoginsa, sai balbelu da suka mayar da kansa fari fat da kashi. Mai-Jira ake ce masa.

Kakata ta wajen uba ce ta ba ni labarinsa, tana tsefe mini kai, tana ja kamar gashin ne ya yi mata laifi. Ta ce a zamanin fatake wani ayari ya sauka a wurin. A cikinsu akwai wata mata da ɗanta ya yi gaba da jakuna, ya nufi kudu, can inda ƙasa ke ƙarewa ruwa ya fara, ya ce su jira shi a nan. Aka jira, aka jira. Guzuri ya ƙare, damina ta kawo kai. 'Yan ayari suka ce su kam gida za su. Matar ta ce ba inda za ta. Ta ware daga cikinsu ta shiga fadama, ta fuskanci kudu tana ƙwala wa ɗanta kira. Ta kira har muryarta ta dushe, ta kira har ta ƙare ƙaf, ƙafafunta suka kafe a ƙasa. 'Yan ayarin da suka juya mata baya su ma ba su yi nisa ba, su ne waɗancan da ke jere. Tun daga ranar, in ji Kaka, matar ba ta da muryar kanta sai ta mutane. In kana da wanda ya yi nisa, ka tsaya a gabanta ka kira sunansa. In ta maido maka da sunan, yana raye. In ta yi shiru, ka koma gida ka jiƙa geron sadaka.

Na tambayi Kaka ko ɗan matar ya dawo. Ta dungure mini kai ta ce ai da ya dawo da ba mu da dutse.

Limamin garinmu ba ya son zancen nan ko kaɗan. Yakan ce camfi ne, dutse dutse ne, ba ya ji ba ya gani. Baba ma ra'ayinsa ke nan, sai dai bai taɓa hana Inna zuwa ba. In ya ga ta ɗauki mayafi sai ya tuna yana da abin dubawa a gona. Ita kuwa amsarta ɗaya ce ga duk wanda ya yi mata magana: "Ni ba roƙon dutse nike ba. Allah nike roƙo. Shi tambaya kawai nike mashi."

Yaya shi ne ɗan farinta, kuma Inna irin matan da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Tun da aka yaye shi Kaka ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In Inna za ta ba shi tuwo, sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta ce wa iska, "A faɗa ma wancan ga abinci nan." In zazzaɓi ya kama shi, ita za ta dafa ganye ta ba wani ya kai masa, sannan ta zauna tana tsince wake kamar ba abin da ya dame ta, alhali waken nan tun ɗazu ta gama tsince shi. Har 'yan garin da suke da suna irin nasa ba ta kiran su da shi, sai dai ta ce mai sunan wancan. Mata suna yabonta a kan haka. Suna cewa ita kam ta san kunya.

Ina 'yar ƙarama ya tafi, ko makarantar boko ban fara ba. Saurayi ne lokacin, ya gaji da noman auduga, ya ji labarin ana samun aiki a bakin teku, inda manyan jirage ke sauke kaya. Abin da na riƙe na ranar kaɗan ne. Inna tana tsakar gida tana sheƙa dawa. Ya zo da jakarsa ya durƙusa nesa da ita, ya yi mata sallama. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da sheƙa, ta ce wa ƙwaryar da ke hannunta, "A ce mashi Allah shi kiyaye hanya." Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya tashi ya fita.

Da farko saƙo yana zuwa ta hannun wani direban babbar mota, sabulu ko turmin atamfa. An san yana Ikko. Daga baya wani ya ce ya ƙetara iyaka ya bi gaɓar teku ya yi yamma, wani ya ce a'a, jirgi ya shiga. Daga nan shiru. Baba ya sayar da bijiminsa na huɗa ya bi sawu, ya dawo da tari da kumburarrun ƙafafu, babu labari.

To, dutsen suna yake so, Inna kuwa ba ta iya faɗin sunan. Shi ya sa ta ja ni.

Ranar farko mun ratsa gonakin rake, mun bi kunyar shinkafa, laka tana cire mini takalmi ina mayarwa. Da muka isa ta kama kafaɗuna ta tsayar da ni a kan wani ɗan fage da ƙafafun mutane suka daddaɓe, ta ja da baya, ta juya mana ƙeya ni da dutsen. Ta ce, "Kira shi."

Na ce, "Wa?"

"Kin sani."

Ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, wace ƙanwa ce ke yi? Na cika ciki da iska na ce, "Yaya!" Dutsen ya ce, "Yaya!" Na ji daɗi, na juyo ina dariya. Inna ba ta juyo ba. Ta ce, "Duniya cike take da yayye, ɗiyar nan. Sunanshi za ki faɗa." Sai na faɗa. Ya fita daga bakina baƙo, ya tafi, ya dawo siriri, amma ya dawo. Na ga kafaɗun Inna sun sauka. Ta ja gefen mayafi ta goge fuska, ta ce zufa ce, ko da yake ban tambaye ta ba. A hanyar komawa ta roƙi mai gona kara ɗaya na rake, ta ɓare mini da haƙoranta, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

Haka muka yi ta yi. Ina ƙarama raken nake so. Da na girma sai na tsani tafiyar, kuma ba zan ɓoye ba, kishi ne. Ni da nake gabanta, ina yi mata daka, ina ɗebo ruwa, ina cire mata ƙaya a ƙafa, sunana a bakinta na aike ne da faɗa, daga safe har yamma tana jefa shi kamar tsohon ludayi. Shi da ya tafi ya bar ta, sunansa ya yi tsadar da ba a taɓa shi. Wani lokaci in na tsaya a kan fagen nan sai in ƙwala kiran da haushi, ba kira ba ne, zagi ne. Dutsen ba ruwansa, yadda na ba shi haka yake maido mini.

Da na shiga makarantar horon malamai aka koya mana yadda amsa-kuwwa take, sai na ga na samu makami. Hutu na gaba, muna tsaye a gaban Mai-Jira, na zauna na yi wa Inna darasi. Na ce sauti ne ke dukan abu mai tauri ya dawo, ko sunan jaki aka kira zai dawo, ko na wanda ya daɗe a kabari. Na yi bayani har da zane a ƙasa da tsinke. Ta saurare ni tsaf, hannunta a haɓa. Da na yi shiru ta ce, "To, Malama. Kin gama?" Na ce na gama. Ta juya ƙeya ta ce, "Kira shi."

Aure ya kai ni Funtua. Maigidana mutum ne mai raha, yana aiki a wajen gurzar auduga, kullum ya dawo da farin ƙura a gira kamar ya tsufa a wuni ɗaya. In kaka ta yi sai ya ce, "Malama, a duba man babur, lokacin kiran Yaya ya yi." Shi yake kai ni ƙauye, ya zauna da Baba a ƙofar gida suna zancen taki, mu kuwa mu nufi fadama. Ban san yadda zan kwatanta kunyar da nake ji ba: ga ni matar aure, da goyo a baya, malamar makaranta, ina tsaye a tsakiyar fili ina kurma ihu. Makiyaya sukan tsaya da sandunansu a wuya suna kallo. Sau da yawa nakan ce a raina wannan ce ta ƙarshe. Sai in ga kafaɗun nan sun sauka, in rasa bakin faɗa.

Ana nan aka zo aka datse rafin da ke ratsa fadamar, don noman rani. Damina ɗaya ta isa. Ruwa ya cinye gonakin rake, ya cinye kunyoyin shinkafa, ya cinye fagen da muke tsayawa. Duwatsun da ke jere suna kan tudu, ruwan bai kai gare su ba. Mai-Jira ce kaɗai ta rage a tsakiyar ruwa, ya kai mata gwiwa, iska na kaɗa shi yana marin gindinta. Remar da ke jikinta ba wanda ya san inda ta yi. Inna ta tsaya a sabon bakin ruwan ta daɗe tana kallo. Ita ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi rafi ba. Ta ce, "To, ga tekun ya zo mamu har gida. Shi bai zo ba."

Na kira daga nan bakin ruwa. Shiru. Na sake, da duk ƙarfina. Sunan ya bi saman ruwa ya tafi abinsa, bai dawo ba. Ban juya ba na ji motsin faɗuwa. Inna ce, ta zauna daɓas a cikin laka, tana salati ƙasa-ƙasa. Ni da na yi mata darasi da tsinke, ni ce na durƙusa ina rantsuwa cewa nisa ne, nisa ne kawai, Inna, dutsen bai ji ba. Wani masunci da ke gyaran koma a gefe ya taso. Sa'an Yaya ne, tare suka yi kiwon awaki. Ya ce, "Inna, gaskiya ta faɗa maki. Ku shigo in matsa da ku." Matar da ke tsoron tsallake kwata ta tattare zanenta ta shiga kwale-kwale. Ta rufe ido, ta riƙe katakon gefe har yatsunta suka yi fari. Da muka matsa na kira, ya dawo. Tun daga shekarar, a kwale-kwalen mutumin nan muke zuwa.

Mutane suka fara raguwa. Kaka ta riga ta tafi tun ina budurwa. Baba ya bi, da tarin nan da bai taɓa sakinsa ba. Sai maigidana, wanda ya kwanta da ciwon kai ranar Laraba, Juma'a aka yi masa sallah. 'Ya'yana suka watse neman abinci, wannan Kaduna, wancan Abuja, ta ƙarshen kuma aure ya kai ta Zariya. Suna kira a waya, Allah ya yi musu albarka, amma waya ba ta cin tuwo da kai. Na ɗauko Inna daga ƙauye na kawo ta wurina. Gidan da da ba ka jin maganar kanka don hayaniyar yara, ya koma mu biyu, tsohuwa da mai bin bayanta. Ina dafa abinci a ƙaramar tukunya, shi ma ya kwana. Da la'asar mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ita tana jan carbi, ni ina kallon katanga. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, irin wanda ko kuka ba ya kawowa, sai dai ka ga rana ta faɗi ba ka yi magana da kowa ba in ban da "ga ruwa" da "kin sha magani?"

Sannan hanyar ƙauye ta lalace da tsoron 'yan bindiga. Masu babur suka daina shiga ciki in ba da rana tsaka ba, wani lokaci ma sam. Shekaru suka wuce ba mu je gaban dutse ba. Da an fara gasa sabuwar masara a bakin titi sai in ga Inna ta ɗauko mayafinta ta ninke ta ajiye a kan cinya, ba ta ce komai ba, da yamma ta mayar. A shekarun ne kuma kunnenta ya yi nauyi. Ita ba ta yarda ba. In na maimaita magana sai ta ce, "Ku 'yan zamani ne kuke magana ciki-ciki kamar marasa gaskiya." Ta koyi kallon bakin mutum, ta ƙware, har ni ma nakan manta.

Da abubuwa suka ɗan lafa, wata safiya ina shara ta ce, "Ke, sa takalminki." Na ce Inna, jikinki. Ta ce jikinta nata ne. Na ɗauki shatar mota har inda mota ke iya kaiwa, daga nan babur, na sa ta a tsakiya ni a baya ina riƙe da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan, duk ta zama ƙashi da zane.

A bakin ruwa, muna jiran masuncin ya kwashe ruwan da ke cikin kwale-kwalensa, ta yi maganar da ban taɓa zato ba. Idonta na kan dutsen ta ce, "Matar can, ɗan nata na fari ne ko?"

Na ce Kaka ba ta faɗa ba.

"Ko na fari ne, da bakinta ta kira shi." Ta gyara mayafinta. "Ni aro na yi ta yi. Halan yana jin kiran, amma ya san ba muryata ba ce. Ranar da zai tafi ya daɗe a durƙushe, ke ba ki da wayo lokacin. Jira yake in ce wani abu. Na san jira yake. Ni kuwa ina ta sheƙa dawar da babu sauran ƙaiƙayi a cikinta."

Maganar ta soke ni ta wuri biyu. Na tausaya mata ƙwarai. Kuma na ji haushi, don a taƙaice ta ce mini duk ihun da na yi tun ina yarinya har na yi furfura, aro ne, bai isa ba. Na buɗe baki zan ce wani abu, sai masuncin ya ce mu shigo. Shi ma ya tsufa, gemunsa ya yi fari, sai na tuna ashe Yayan da nake kira, in yana raye, haka yake yanzu. A raina kullum saurayi ne da jaka.

Ruwan ya cika maƙil, ya yi lumui, babu iska. Filafili ne kawai ke ƙara. Mai-Jira tana ƙara tsawo muna matsowa, da zanen baƙi-baƙi a jikinta inda ruwan kowace shekara ya tsaya, balbelu sun yi layi a kanta suna gyangyaɗi. A daidai inda muka saba tsayawa ya tsayar da mu. Na gyara zama na yi gyaran murya, don abin ya zama mini jiki.

Inna ta ɗora hannu a gwiwata. "Bari," ta ce. "Yau ni za ni kira."

Ni da masuncin muka dubi juna.

"Amma ku toshe kunnuwanku. Ku duka. Kuma ku kau da kai."

Ya ce, "To, Inna." Ya ajiye filafilin a kan cinyarsa, ya juya, ya cusa yatsu a kunne. Ni ma na yi haka. Ban yi ha'inci ba, na toshe sosai, har ina jin bugun jinina. Matar da ta riƙe abu fiye da shekarun da na yi a duniya ta ce kada in ji lokacin da za ta sake shi, ai ba zan saci ji ba. Na kafa ido a kan ruwa. Kwale-kwalen ya ɗan girgiza, na san ta yunƙura ta miƙe zaune. Aka daɗe ba abin da ya faru. Sai kawai na ga inuwar balbelu a cikin ruwan, sun tashi gaba ɗaya, fari fat, sun watse. Ban san tsohuwar nan tana da sauran murya irin wannan ba.

Ta taɓa gwiwata. Na cire yatsuna na juyo. Fuskarta ta jiƙe, mayafin ya zame daga kanta ba ta gyara ba, tana haki. Ta kafa wa bakina ido, yadda take yi in tana son ta gane magana. Ta ce, "Ya amsa?"

Sai a lokacin na gane abin da muka yi. Ita ba ta ji. Mu da muke ji, ta sa mun toshe. Mu uku a cikin kwale-kwale, da kunnuwa shida, ba wanda ya ji ko dutsen ya maido da sunan.

Masuncin ya sunkuyar da kai yana wasa da ruwa. Na san abin da ya kamata in ce. Kalma ɗaya ce, kuma ni malama ce, na san tabbas ya dawo, ko sunan wa aka kira a wurin nan sai ya dawo. Amma ba abin da ta tambaye ni ba ke nan. Na yi jinkiri kaɗan, ita kuwa ba a yi mata jinkiri. Ta ce, "Kar ki yi mani ƙarya, ɗiyar nan. Ina kallon bakinki."

Na ce, "Ba mu ji ba, Inna. Ke kika ce mu toshe."

Ta dube ni, ta dubi masuncin, ta dubi dutsen. Sai ta yi wata 'yar dariya, gajeriya, marar daɗi. Na kama hannunta na matso da bakina kusa da fuskarta. Na ce ta sake, wannan karon zan saurara, ko shi ya toshe ni in ji, ko ni in toshe shi ya ji, wanda ta zaɓa. Na roƙe ta. Ta girgiza kai, ta ja mayafinta ta rufe kanta tsaf, ta koma Innar da na sani.

"Ai na faɗa," ta ce. "Ba a faɗa sau biyu."

Na ce to bari ni in kira, yadda muka saba, a ji.

"Bar shi. Kar shi ji murya biyu shi rasa wadda zai bi." Ta dafa gefen kwale-kwalen. "Kai, mai da mu."

Ya juya da mu. Ya tuƙa har muka iso bakin ruwa. Balbelun suka dawo ɗaya bayan ɗaya suka sauka a inda suka tashi. Masuncin ya ɗauke ta cak ya tsallakar da ita laka, ta sa masa albarka, ta tambayi lafiyar iyalinsa, kamar kasuwa muka je muka dawo.

Bayan mun koma Funtua ba ta ƙara zancen dutse ba. Abu ɗaya ya canja. Ta sa na matsar da tabarmarta daga gindin katanga zuwa inda take hango ƙofar zaure, ta kuma hana ni sa sakata da rana. In wani ya yi sallama daga waje, mai sayar da ruwa ko yaran maƙwabta, ita ba ta ji, amma tana ganin na ɗaga kai, sai ta bar carbin ta zuba mini ido har in ce mata ga wanda ya zo. Sai ta ce to, ta ci gaba da ja.

Ba ta ga wata masarar ba. Kwanaki kaɗan kafin ta rasu, ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta ce, "Ke." Na ɗago. Ta ce, "In ya zo ya yi sallama, ko ina nan ba ji za ni yi ba. Ke ki riƙa saurare. Kar ki bar shi tsaye a waje." Na ce to, Inna.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan. Ba na sa sakata da rana. In namiji ya yi sallama da muryar da ban sani ba, nakan bar abin da nake yi in tsaya cak, da ludayi ko tsintsiya a hannu, in jira ya sake. Na amsa mata da to don ba ni da zuciyar gaya mata sauran. Ina 'yar ƙarama ya tafi. Ban san muryarsa ba.